Ɓoyayyen Tsari a Rubutun Kwamfuta da Illarsa ga Baƙaƙen Hausa Masu Ƙugiya

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Gusau a shekarar 2013, yawan kundayen digiri da ake bugawa da Hausa a Jihar Zamfara ya ƙaru, kuma tare da shi wata matsala ta ƙara fitowa fili. Sau da yawa kundi ɗaya yakan bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya kammala. Alal misali, ɗalibi zai buga babi na farko a kwamfutar wani ɗan'uwansa a Tsafe, ya kai babi na biyu shagon masu buga takardu a Gusau, sa'an nan waƙoƙin da ya tattaro a ƙasar Bungudu ya rubuta su a wayarsa ta hannu. Ran da aka haɗa waɗannan babi-babi a fayil guda, sai a ga abin mamaki. Kalmar "ɗalibi" ta koma "xalibi", "ƙasa" ta koma "qasa" ko "}asa", wani sakin layi ya yi ƙanana wani ya yi manya, lambobin shafi sun rikice, kuma babu wanda zai ce ga abin da ya taɓa.

Dalilin wannan shi ne, takardar kwamfuta tana ɗauke da umurni masu yawa waɗanda ido ba ya gani. Manufar wannan darasi ita ce bayyana mene ne waɗannan umurni, da hanyoyin da suke bi su shiga kundi ba da sanin mai shi ba, da yadda za a gano su a kawar da su. Za a fi mai da hankali kan baƙaƙe masu ƙugiya, domin a nan ne ɓoyayyen tsari ya fi yi wa Hausa ɓarna. Misalan da za a kawo na manhajar Microsoft Word ne, saboda ita aka fi amfani da ita a makarantu da shagunan buga takardu.

2.0 Daga Keken Rubutu zuwa Kwamfuta

Baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko a cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake shugabantar aikin talifi a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta taimaka wajen yaɗa su. A Nijeriya ana rubuta sauti na huɗu da 'y, a Jamhuriyar Nijar kuwa da ƴ. Wurin da ya sami matsala tun farko shi ne ofis, domin yawancin kekunan rubutu an ƙera su ne don Ingilishi. Akawu yakan buga b ko d ko k, in ya gama ya ɗauki alƙalami ya bi shafi yana ɗora ƙugiya da hannu. Aikin yana da wahala, amma yana da fa'ida guda: abin da ke kan takarda shi ke nan, babu wani abu a bayansa.

Da kwamfuta ta zo sai al'amari ya canza. Kwamfuta ba ta ajiye siffar harafi, lamba take ajiyewa. Tsarin ASCII na 1963 yana da gurabe 128, tsare-tsaren da suka biyo shi suka kai 256, kuma a cikin waɗanda Windows ta zo da su babu gurbin baƙaƙen Hausa masu ƙugiya. Dabarar da aka yi ita ce ƙera zubin haruffa na musamman, watau abin da masu buga takardu ke kira "font", a ɗauki gurbin wani harafi a zana ƙugiyar Hausa a kansa. Zubin Rabi'at da na Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a cikin shekarun 1990, suna daga cikin waɗanda suka yi fice, kuma sun yi wa madaba'u da jami'o'i hidima ƙwarai a lokacin da babu wata hanya. Ire-iren waɗannan zubi sun kasu gida biyu. Wasu sun ɗauki guraben q da x da v, tun da Hausa ba ta amfani da su, suka mai da su ƙ da ɗ da ɓ. Wasu kuma sun ɗauki guraben baka da sauran alamomi, inda } ke tsayawa a madadin ƙ, ] kuma a madadin ɗ.

Abin lura a nan shi ne, a irin wannan rubutu ƙugiya tana cikin zubin ne kawai. Abin da fayil ya ajiye shi ne x, zubin ne yake nuna shi kamar ɗ. Da zarar an buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, ko aka canza zubin, sai x ta bayyana a matsayinta na x.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa. Ga lambobin baƙaƙen Hausa a cikinsa:

Ɓ 0181, ɓ 0253
Ɗ 018A, ɗ 0257
Ƙ 0198, ƙ 0199
Ƴ 01B3, ƴ 01B4

Harafin da aka buga da waɗannan lambobi ba ya sauyawa, ko an canza zubi, ko an tura shi ta waya, ko an sa shi a intanet.

3.0 Matakan Tsari a Cikin Takarda

Kafin a yi maganar gyara, wajibi ne a san inda tsari yake zama. Tun daga 2007 fayil ɗin Word mai ƙarewa da .docx ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda. Wanda ya kwafi fayil ya sauya ƙarshen sunansa zuwa .zip zai iya buɗe shi ya ga ɗaya mai suna document.xml, inda matani yake, da wani mai suna styles.xml, inda aka jera salo-salo. Tsarin da ke cikinsu hawa huɗu ne.

Na farko, tsarin harafi: zubi, da girma, da kauri, da karkata, da launi, har da harshen da aka ce kalmar take ciki.

Na biyu, tsarin sakin layi: tazarar layuka, da shigar layin farko, da daidaita gefe. Wannan yana ajiye ne a cikin alamar ¶ da ke ƙarshen kowane sakin layi. Shi ya sa in aka share wannan alama, sakin layi biyu suka haɗe, tsarin ɗaya yakan hau kan ɗayan.

Na uku, tsarin sashe: girman takarda, da faɗin gefuna, da irin lambobin shafi. Yana ajiye a cikin alamar raba sashe. Kundin digiri yakan fara da lambobin Romawa a shafukan sadaukarwa da godiya, sa'an nan ya koma 1, 2, 3 daga babi na farko. Alama guda ce take riƙe da wannan bambanci, kuma in an share ta ba da sani ba, lambobin sai su rikice.

Na huɗu, salo, watau tarin umurni da aka ba suna guda, kamar Normal ko Heading 1. In aka ce sakin layi yana kan wani salo, to, duk abin da aka sauya a salon zai shafi kowane sakin layi da ke kansa.

Akwai kuma abin da za a kira gyaran hannu, watau mutum ya zaɓi kalma ko layi ya danna kauri ko ya sauya zubi kai tsaye. Gyaran hannu yana rinjayar salo. Saboda haka ne malami zai ce a mai da kundi duka zuwa girma 12, ɗalibi ya gyara salon Normal, amma wasu shafuka su ƙi sauyawa.

4.0 Ƙofofin da Ɓoyayyen Tsari Ke Shigowa

4.1 Kwafa da Liƙawa

Wannan ita ce babbar ƙofa. In aka kwafo sakin layi daga wani fayil, yakan zo da salonsa, ya zauna a jerin salon sabon fayil ko da an share matanin daga baya. In sunan salon ya yi daidai da wanda ke akwai, kamar Normal da Normal, yawanci na fayil mai karɓa ne zai yi aiki, sai siffar matanin ta sauya nan take. A nan ne babin da aka buga da tsohon zubi yake rasa ƙugiyoyinsa. Matanin da aka kwafo daga intanet yakan zo da launin bango da tazara marar rabuwa, wadda ke hana layi karyewa inda ya dace. Wanda aka kwafo daga PDF kuwa sau da yawa kowane layi nasa yana ƙarewa da alamar ¶, ya zama layi goma sakin layi goma ne.

4.2 Gyaran da Word Ke Yi da Kanta

Word tana ɗaukar cewa Ingilishi ake rubutawa, sai in an gaya mata akasin haka. Kalmar "i" ta amsawa takan koma "I". Kowace kalmar Hausa takan sami jan layi a ƙarƙashinta, har ɗalibi ya daina kula da jan layi ɗungum. Mafi muni shi ne abin da ke samun alamar ɗauri a farkon kalma. In aka buga 'ya'ya, ko 'yan amshi, ko sunan tsohon garin malamai na 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe, Word takan zaci za a buɗe zancen wani ne, sai ta juya alamar farko ta fuskanci dama, alhali ta tsakiyar kalma tana fuskantar hagu. Sakamakon haka harafi ɗaya ya zama yana da siffa biyu da lamba biyu a kalma guda.

4.3 Aron Zubi

Ba kowane zubi ne yake da ƙugiyoyin Hausa ba. In aka buga ɗ ta Unicode a cikin zubin da ba shi da ita, Word takan aro harafin daga wani zubi ba tare da sanarwa ba. Alamar haka ita ce a ga ɗ ko ƙ ta fi maƙwabtanta tsawo ko kauri, ko kuma tazarar layin da take ciki ta ɗara ta sauran. Wani lokaci ma aron yakan ci gaba zuwa haruffan da ke biye.

4.4 Gyara da Tazara

Mai buga takarda da ya saba da keken rubutu yakan kai take tsakiyar shafi da danna tazara sau ashirin, ya tura babi zuwa sabon shafi da danna Enter har sai ya ga ya sauka. A waƙar baka abin ya fi yawa, domin ana son a ware layin jagora da na 'yan amshi, a kuma jera fassara a gefe. Duk wannan yana tsayawa daidai ne a kwamfutar da aka yi shi. In zubi ya sauya ko da kaɗan, sai baitoci su watse.

4.5 Ragowar Dubawa

Gyare-gyaren da malami ya yi ta hanyar Track Changes, da sharhin da ya rubuta a gefe, da matanin da aka ɓoye, duk suna nan cikin fayil ko da an rufe su daga gani. Suna iya fitowa a wurin bugawa, ko a hannun mai jarrabawa na waje.

5.0 Abin da Ake Asara

Mai yiwuwa wani ya ce wannan duk maganar ado ce. Ga ɗalibin Hausa kuwa maganar ma'ana ce, domin ƙugiya tana raba kalmomi. A dubi waɗannan:

ƙafa da kafa
baƙi da baki
ɓari da bari
ƙura da kura
ƙoƙo da koko
ɗa da da

Haɗarin yana zuwa ne a lokacin gyaran gaggawa. Mai buga takarda ya ga "qura" a shafi, ya san ba daidai ba ne, sai ya mai da kowace q ta zama k, kowace x ta zama d. Daga nan ba sauran hanyar dawo da ƙugiya sai an bi kundin kalma-kalma. A waƙar da aka ɗauko daga bakin makaɗi cikin karin harshen Zamfara, inda ake samun kalmomin da ba su cikin daidaitacciyar Hausa, mai gyara ba zai iya cankar wace ce mai ƙugiya ba sai ya koma ga faifan.

Akwai kuma kishiyar wannan. In aka shimfiɗa tsohon zubi a kan kundi duka, har da jerin manazarta, sai "University" ta koma "Uniɓersity", "Oxford" ta koma "Oɗford". Duk wanda ya saba karanta kundayen Hausa ya taɓa cin karo da irin wannan.

Asara ta uku ita ce ta bincike. Kundin da aka ajiye a rumbun jami'a na intanet da "Xanqwairo" ba zai fito ba in wani ya nemi Ɗanƙwairo, haka "Narambaxa" ba zai amsa kiran Narambaɗa ba. Littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau mai suna Makaɗa da Mawaƙan Hausa, in an rubuta sunansa da tsohon zubi, kwamfuta "Makaxa da Mawaqan Hausa" take gani. Ɗalibi ya yi shekara yana aiki, amma na bayansa ba su same shi ba, sai su sake yin abin da an riga an yi.

Nazarin karin sauti ma bai tsira ba. A al'adar masana Hausa, ana sa alamar faɗuwa a kan wasali mai karin ƙasa, a bar mai karin sama haka nan, shi ya sa ake bambanta gadoo na kwanciya da gaadòo na magada. In an ɗora alamar da dabarar ɗaga wata alama sama ko zana ta da hannu, takan goce daga kan wasalinta. Unicode yana da lambobin wannan aiki: 0300 don karin ƙasa, 0302 don karin faɗau, 0304 don tsawon wasali.

6.0 Yadda Ake Ganin Abin da Ke Ɓoye

Manhajar WordPerfect, wadda ta yi tashe a shekarun 1980, tana da taga da ke nuna kowane umurni a fili. Word ba ta da irinta sak, amma tana da hanyoyi huɗu masu amfani.

Danna Ctrl da Shift da 8 tare yana bayyana alamomin da ba a bugawa. Tazara za ta fito kamar ɗigo, tazara marar rabuwa kamar ƙaramin zobe, Tab kamar kibiya, matanin da aka ɓoye kuma da layin ɗige-ɗige a ƙarƙashinsa. Ya kamata ɗalibi ya saba aiki da waɗannan alamomi a buɗe.

Danna Shift da F1 yana buɗe taga a gefe wadda ke lissafa tsarin harafi da na sakin layi da na sashe na wurin da aka tsaya, kuma tana iya rarrabe abin da ya zo daga salo da abin da aka yi da hannu.

Jerin salo, wanda ake buɗewa da Ctrl da Alt da Shift da S, yana nuna baƙin salon da suka shigo. Kundin digiri ba ya bukatar salo fiye da goma ko sha biyu. In an ga jeri mai tsawo da sunayen da ba a sani ba, daga kwafe-kwafe suka zo.

Gwaji mafi muhimmanci ga Hausa shi ne na harafi. A zaɓi ɗ guda ɗaya a danna Alt da X. In ta koma 0257, ta gaskiya ce. In ta koma 0078, to, x ce sanye da rigar ɗ. A sake dannawa don ta koma yadda take. Wata hanya mai sauƙi ita ce a kwafi layi guda a liƙa a Notepad, wanda ba ya ɗaukar zubi, a ga ko ƙugiyoyi sun tsaya.

7.0 Tsarkake Kundin da Ya Riga Ya Cakuɗe

A wannan aiki jerin matakai yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda ya fara da share tsari kafin ya juya baƙaƙe zai share shaidar da ke nuna wace x ce ta Hausa, wace ce ta Ingilishi.

Mataki na 1: A ajiye kwafin fayil na asali a wani wuri, kada a taɓa shi.

Mataki na 2: A karɓi ko a ƙi duk gyare-gyaren malami, a share sharhin gefe.

Mataki na 3: A juya baƙaƙe zuwa Unicode. A buɗe tagar nema da musanyawa da Ctrl da H, a sa x a gurbin nema, a ƙayyade cewa sai wadda ke cikin tsohon zubi, a kuma zaɓi Match case domin a bambanta babban baƙi da ƙarami. A musanya ta da ɗ. A maimaita haka ga X da q da Q da v da V, ko ga alamomin baka, gwargwadon irin zubin. In an shimfiɗa tsohon zubin har kan Ingilishi, sai a fara zaɓar manazarta da duk wani ɗauko na Ingilishi a mai da su wani zubi tukuna.

Mataki na 4: A kare kalmomi masu karkata. A nazarin harshe misalai da sunayen littattafai duk a karkace ake rubuta su, kuma share tsari zai miƙar da su. A nemi duk matani mai karkata, a musanya shi da %^&%, watau a kewaye shi da alamar da ba a amfani da ita a kundin. Bayan sharewa sai a bi alamar a mayar da karkatar.

Mataki na 5: A share gyaran hannu. Ctrl da maɓallin tazara yana share na harafi, Ctrl da Q yana share na sakin layi. Ya fi kyau a yi shi babi-babi, a tsallake jadawali.

Mataki na 6: A kawar da tarkace da tagar musanyawa. Alamar ^p tana nufin ƙarshen sakin layi, ^l karya layi da hannu, ^t kibiyar Tab, ^s tazara marar rabuwa. Musanya ^p^p da ^p yana cire layukan banza, musanya tazara biyu da ɗaya yana cire cikon tazara. A yi hattara da shafukan waƙa, inda karya layi yake da ma'ana.

Mataki na 7: A ɗora salo a kan kowane sashe, a share baƙin salon da suka rage, sa'an nan a gudanar da Inspect Document domin a ga ko da sauran abin da ya ɓuya.

In fayil ya lalace ƙwarai, bayan mataki na 4 ana iya kwashe matanin duka a bi da shi ta Notepad, a zuba a sabon fayil. Sai dai wannan hanya tana zubar da bayanan ƙasan shafi da jadawali, don haka ba a bin ta sai dole.

8.0 Rigakafi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ɗalibin da ya ɓata sa'a guda yana shirya fayil kafin ya rubuta kalmar farko ya huta da aikin da aka lissafa a sama.

Da farko a zaɓi zubi guda mai ƙugiyoyin Hausa na gaskiya. Times New Roman da ke zuwa da Windows na yanzu yana da su. Charis SIL da Doulos SIL kyauta ne, kuma sun fi iya ɗora alamar karin sauti a kan wasali mai alamar tsawo. A sa zubin a cikin salon Normal, kada a ɗora shi da hannu.

Na biyu, a tanadi hanyar buga baƙaƙen. Windows tana da allon rubutu na Hausa da ake ƙarawa daga wurin zaɓen harshe, haka nan manhajar Keyman, da Gboard a waya. A cikin Word ana iya ba kowane harafi maɓallinsa ta hanyar Insert da Symbol. Mai amfani da Alt da X ya lura da tarko guda: haruffan a zuwa f suna cikin lissafin lambar. In ya rubuta "ha" ya bi da 0257 don ya sami "haɗa", Word za ta haɗa "a" da lambar ta ba da wani abu dabam. Maganinsa shi ne a sa U+ kafin lambar.

Na uku, a gyara saitin liƙawa. A ƙarƙashin File da Options da Advanced akwai wurin da ake zaɓar yadda za a liƙa abin da aka kwafo daga wani fayil ko wata manhaja. A mai da shi Keep Text Only. A wurin gyaran kai-tsaye kuma a kashe juya alamar ɗauri, a cire musanyar "i", a kashe zaɓin da ke ƙirƙiro salo daga gyaran hannu. A zaɓi matanin duka a sa harshensa Hausa, ko a ce kada a duba rubutunsa.

Na huɗu, a ƙera salo gwargwadon bukatar kundi: ɗaya na jikin matani, uku na kanun babi da sassa, ɗaya na dogon ɗauko, ɗaya na misalai, ɗaya na manazarta mai ratayen layi, biyu na waƙa, watau na jagora da na 'yan amshi, kowanne da shigarsa. A sa wa salon kan babi umurnin fara sabon shafi. Wanda ya yi amfani da salon kanu zai sami jerin abubuwan da ke ciki da lambobin shafinsu ba tare da ya buga su da hannu ba.

Na biyar, in kundi zai bi ta hannun mai buga takarda, a ba shi wannan shiryayyen fayil, a yi yarjejeniya da shi cewa ba zai sauya zubi ba. Kafin a biya kuɗin aiki a gwada harafi ɗaya da Alt da X a gabansa. In za a kai bugawa, a kai PDF, a riƙe fayil ɗin Word a gida.

9.0 Kammalawa

Darasin ya nuna cewa matsalar ɓoyayyen tsari tana da fuska biyu ga mai rubutun Hausa. Ta farko ita ce wadda ta shafi kowane harshe, watau gyaran hannu da baƙin salo da tarkacen tazara, kuma maganinta shi ne a tara tsari a cikin salo kaɗan masu suna. Ta biyu ta Hausa ce, watau ƙugiyar da aka rataya a jikin zubi, kuma maganinta shi ne a buga kowane baƙi da lambarsa ta Unicode. A wajen gyaran tsohon kundi, juya baƙaƙe ne yake zuwa kafin share tsari.

Zai kyautu sassan Hausa su tanadi shiryayyen fayil guda mai ɗauke da salon da suka amince da shi, a riƙa ba kowane ɗalibi tun ranar da aka amince da batun bincikensa, a kuma sanar da shagunan da ke buga wa ɗalibai aiki a Gusau da kewaye. Haka nan kundayen da aka riga aka buga da tsohon zubi suna bukatar a juya su tun fayilolinsu suna nan, kuma tun ana samun waɗanda suka san wane zubi aka yi amfani da shi a kowanne.